Yadda Ake Karrama Waɗanda Suka Adana Mana Tsofaffin Finafinai

Da bazarar bara na shiga ɗakin wani dattijo a unguwar Hausare da ke nan Garwa. Shi ne ke juya injin majigi a wata silima lokacin muna yara. Ya sa jikansa ya jawo wata tsohuwar adaka daga ƙarƙashin gado. A ciki akwai gwangwanayen fim guda 6, da kaset-kaset na bidiyo da ban ƙirga ba, da wani littafi mai baƙar marfi inda ya rubuta kowane fim da ya haska da ranar da ya haska shi. Da ya ɓamɓare murfin gwangwani na farko da yatsun nan nasa masu rawa, wani wari mai tsami ya cika ɗakin har ya sa ni tari. Ya dube ni ya ce: "Ɗana, tun da aka rufe gidan nan ba wanda ya tambaye ni abin da ke cikin adakar nan sai kai."

Irin waɗannan mutane suna nan a Garwa, da Marwa, da Ngaundere, da Kusseri, har ƙetaren ruwa a Njamena. Tsufa na cin su, zafi da danshi na cin kayansu. A watan Janairu na 2009 aka rufe manyan silimomi uku na ƙarshe da suka rage a Kamaru: Abbia a Yawunde, Wouri a Duwala, Empire a Bafusam. Namu na arewa, irin su Ribadou, yau sai a bakin masu furfura ake jin labarin cikarsu. Abin da ya tsira daga zamanin nan, da na bidiyo da ya biyo baya, yawancinsa yana hannun talakawa ne. Ga yadda za a bi a karrama su, kuma a jere yake da gangan: ceton kaya ne a gaba, biki a baya. Wanda aka rataya wa lambar yabo ya koma gida ya tarar da kaset-kaset ɗinsa na ci gaba da ruɓewa a kwali, ban ga abin da aka yi masa ba.

Mataki na 1: Ku haɗa kwamiti kaɗan

Mutum 5 sun isa. A samu dattijo da unguwa ke jin maganarsa, da mace wadda za ta iya shiga cikin gida ta zauna da matan aure da zawarawa, da matashi mai hannu a kwamfuta, da marubuci mai Hausa da Faransanci, da ma'aji. Kafin ku ƙwanƙwasa ƙofar kowa, ku je ku gai da Sarkin Hausawa ko jauron unguwa ku faɗa masa nufinku. Idan ya ce wa mutum "yarana ne, ka ba su haɗin kai", an gama rabin aiki.

Mataki na 2: Ku nemo mutanen, ku tantance su da abin da suka adana

A nan ake yawan kuskure, don ido na tafiya wajen mai suna. Ku faɗaɗa tunani. Akwai mai juya majigi. Akwai mai shagon hayar kaset da ya riƙa ɗauko finafinan Hausa daga Kano ta Yola ko ta Mubi tun shekarun 1990, ya ƙi zubar da su bayan an koma faifai. Akwai mai ɗaukar biki, wanda a kyamararsa ne kaɗai aka kama hawan sallar Lamido na wasu shekaru, da naɗin sarauta, da saukar karatu, da kamun amarya irin na da. Akwai mai gyaran bidiyo a kasuwa da har yau yake da injin da ke aiki. Akwai mai zanen allon talla na ƙofar silima. Akwai kuma matar da mijinta ya rasu, masu sayen tsofaffin ƙarafa suka yi ta zarya a kan injinsa da gwangwanayensa, ta ce ba na sayarwa ba ne. A ganina ita ce ta fi kowa cancanta, kuma ita aka fi mantawa.

Tambaya uku za ku yi a kan kowa. Me ya adana? Tsawon wane lokaci? Yana barin jama'a su amfana? Ku rubuta amsa a takarda, kowa a kwamiti ya sa hannu, don ranar da wani zai ce an yi son kai. Kada ku wuce mutum 3 a shekara. Mai kuɗin da ya ɗauki nauyin taro a gode masa a bainar jama'a, a yi masa addu'a, amma lambar ta mai adaka ce.

Ko a duniya haka tsarin yake. Ƙungiyar gidajen adana finafinai ta duniya, FIAF, wadda aka kafa a Faris a 1938, ta fara ba da lambar yabonta a 2001, kuma Martin Scorsese, mai shirya finafinai ɗan Amurka, ne ya fara karɓa, saboda ɗawainiyar da ya yi wajen ceto tsofaffin finafinai. Lambar kanta gwangwanin fim ne da aka ƙera da azurfa. Galibi mutum ɗaya suke ba wa a shekara.

Mataki na 3: Ziyarar farko, hannu biyu

Ku je da goro, ku bar kyamara a gida. Ku gaisa, ku saurara. Kada ku nemi a ba ku komai ku tafi da shi. Mutanen nan an sha cutarsu. Shi dattijon da na ambata ya taɓa ba wasu baƙi kaset 12 da suka ce za su yi shiri da su su dawo masa da kayansa cikin mako biyu. Har yau shiru. Da ya ba ni labarin idonsa ya kawo ruwa, domin a cikinsu akwai na bikin 'yarsa da ta rasu. Saboda haka ku faɗa masa tun ranar farko: "Baba, kayanka naka ne. A gabanka za mu duba, a gabanka za mu kwafa, ba abin da zai kwana a waje sai da takarda." Idan mace ce, wakiliyarku ta shiga, ta kira ta Hajiya ko Inna yadda aka saba a gidan, a kuma sanar da babban ɗa ko wanda ke riƙe da gidan.

Mataki na 4: Ƙirga kaya da duba lafiyarsu

Wannan ne aikin da ya fi cin lokaci, kuma shi ne zuciyar abin. Ku zaɓi safiya, a inuwa, a shimfiɗa farin ƙyalle a kan tabarma ko tebur. A wanke hannu a busar. Mai asma ya tsaya daga nesa, sauran su rufe hanci.

Kowane abu a ba shi lamba, a manna a jikin kwalinsa da jikinsa. A littafi a rubuta lambar, da irin abin, da abin da aka rubuta a kansa harafi da harafi, da abin da mai shi ya tuna: bikin wa, wace shekara, wa ya ɗauka. Idan bai tuna shekara ba, ku tambaye shi abin da ya faru a lokacin. Zai ce "shekarar da aka yi gasar ƙwallo" ko "kafin a karya darajar sefa", wanda kowa ya san a Janairun 1994 ne. Ku rubuta yadda ya faɗa.

Kaset na VHS: ku leƙa ta tagar roba. Idan kun ga fari-fari kamar an barbaɗa gari a gefen zaren, fumfuna ce. Kada a saka wannan kaset a inji, domin zai shafa wa kan injin, injin kuma ya shafa wa duk kaset ɗin da ya biyo baya. A ware shi a leda daban a jira mai gyara. Wanda yake da lafiya, a karya ɗan harshen roba da ke bayansa nan take, don kada wani ya danna ɗauka bisa kuskure ya goge tarihi. A jera su a tsaye kamar littattafai, nesa da sifika da duk abin da ke da maganaɗisu.

Gwangwanin fim: hanci ne ma'auninku na farko. Warin tsami irin na binega alama ce cewa robar fim ɗin ta fara lalacewa, tana fitar da asid. Ba ta warkewa, zafi da danshi kuma na ƙara mata sauri, kuma tururin na kama gwangwanayen da ke kusa. A raba mai wari da marar wari, ɗaki daban in da hali. Ku warware kamar kamu ɗaya daga bakin zaren, ku riƙe ta gefe, ku ɗaga wa haske ku karanta rubutun da ke bakin. Idan an rubuta SAFETY, da sauƙi. Idan fim mai faɗin milimita 35 ne aka rubuta NITRATE, to a yi hattara ƙwarai: irin wanda aka daina yi ne tun farkon shekarun 1950, yana kama wuta da kansa idan ya lalace a wuri mai zafi, kuma ruwa ba ya kashe wutarsa. A fitar da shi daga ɗakin kwana a ranar, a nisanta shi da murhu da rana. Mai milimita 16 da mai 8 ba su da wannan haɗari. Gwangwanaye a kwance ake ajiye su, saɓanin kaset.

Roƙona ɗaya: ko da injin majigin Baba na tashi, kada a ɗora masa tsohon zare don a ga abin da ke ciki. Zaren da ya tsufa yana ƙanƙancewa, haƙoran inji ba sa dacewa da hudojinsa, sai su yayyaga shi. Ku ɗauki hoton 'yan hotunan farko da waya a gaban haske, sau da yawa sunan fim ɗin na nan.

Faifan VCD da DVD, musamman waɗanda aka ƙona a shago, su ma ba su da tsawon rai. Ku ɗaga su ga haske. Wanda ya yi huda-huda ko fatarsa ta fara ɓarewa shi za a fara kwafa.

Takardu ma kaya ne. Tikiti, da allon talla, da littafin haska fim, da rasit na haya, da hotunan ma'aikata. A ɗauke su hoto ɗaya-ɗaya.

Mataki na 5: Kwafa

Injin bidiyo ya zama abin nema. Kamfanin Funai na Japan, wanda shi ne na ƙarshe da ke ƙera shi, ya daina a 2016. Don haka duk wanda kuka samu mai lafiya, ku riƙe shi da kyau, a goge kansa kafin a fara. Ku nemi mai karanta tsarin hoton talabijin iri-iri, domin kowace ƙasa da tsarin da ta bi. Kamaru da Najeriya a kan PAL suke, talabijin ɗin Chadi kuwa a da SECAM ne, shi ya sa kaset ɗin da aka naɗa daga tashar Njamena kan fito ba launi a wasu injuna. Kada ku ce ya lalace, injin ne bai dace ba.

Ana haɗa injin da kwamfuta da ɗan abin kwafa mai shiga ta USB. Kafin a kunna kaset, a tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi farko sau ɗaya, don zaren ya saki jiki. Kwafa ba ta da gajeriyar hanya: kaset na awa 3 awa 3 zai ci, kuma sai mutum ya zauna yana kallo. Ku tanadi batir ko sola, don ɗaukewar wuta a tsakiya kan sa inji ya tauna zare. A kwafa a girman hoto na 720 da 576, kada a yanke komai, kada a ɗora waƙa ko tambarin shago. Ƙananan kaset na MiniDV a kwafe su ta wayar FireWire, suna fitowa yadda aka ɗauka ba ragi, kowace awa na cin kusan gigabait 13. Faifai kuwa a kwashe fayilolin ciki gaba ɗaya yadda suke.

Kowane fayil ya ɗauki lambar da ke littafi. A yi kwafi 3: diski ɗaya ga mai kaya, ɗaya ga kwamiti, ɗaya a wani gari. Wannan na uku ba ƙari ba ne. Gidan adana finafinan Afirka da ke Wagadugu, wanda aka kafa a 1989, ambaliyar ranar 1 ga Satumba 2009 ta shiga cikinsa ta lalata kaya masu yawa. Mu da ke bakin Binuwai mun san abin da ruwa ke yi. Abin da aka tura ta WhatsApp kuma ba ajiya ba ne, an matse shi ya rasa kyau. Asalin kaset ɗin a mayar wa mai shi cikin kwali mai tsabta, kada a zubar don an kwafa.

Zaren fim ya fi ƙarfin kwamiti, sai gidan da ke da na'urar ɗaukar hotonsa ɗaya bayan ɗaya. Abin da za ku yi shi ne jerin sunaye da hotuna masu kyau, ku aika wa masu wannan aiki. Kada ku raina abin da ke hannunku. A 2016 aka tsinci zaren Shaihu Umar, fim ɗin Hausa da Adamu Halilu ya yi a 1976, a ma'ajiyar hukumar finafinai a Legas bayan an ɗauka ya ɓata. Cibiyar finafinai ta Arsenal da ke Balin ta gyara shi aka haska a 2018. Muna Moto, fim ɗin Dikongué-Pipa ɗan Kamaru, wanda ya ci babbar lambar FESPACO, bikin finafinan Afirka na Wagadugu, a 1976, an gyara shi a 2019 a ƙarƙashin shirin ceto finafinan Afirka da aka ƙaddamar a 2017 da hannun UNESCO.

Mataki na 6: Ku naɗi bakinsa

Abin da ke kan dattijo ya fi abin da ke adakarsa saurin ɓata. Waya mai kyau ta isa. A kashe fanka, a rufe taga, a zauna da hantsi kafin ya gaji. Ya yi magana da harshen da ya fi sakewa, Hausa ko Fulatanci. Ku tambaye shi abu ƙanana, su ke buɗe baki: wa ya koya masa, ta wace mota fim ke isowa, nawa ne tikitin benci da na kujera, me yake yi idan zare ya tsinke jama'a na ihu, wane fim ɗin Indiya ne aka fi maimaitawa. Da na tambayi Baba yadda ake haɗa zaren da ya tsinke, sai ya bar magana, ya ɗauko reza da wani guntun fim, ya kankare bakin, ya nuna inda ake shafa gam, ya danne da babban yatsa yana ƙirga a zuci. Hannun da ke rawa ɗazu ya tsaya cik. Irin wannan ku ɗauka.

Mataki na 7: Izini

Kaset ɗin biki sirrin gida ne. Akwai mata ba mayafi a wurin lalle, akwai waɗanda suka rasu, akwai auren da ya mutu. Ba a haska ko daƙiƙa ɗaya sai iyalin sun gani sun yarda, kuma ba a ɗora shi a Facebook don an yarda a haska a taro; izini biyu ne daban. Finafinan kasuwa kuma suna da masu su, mai shagon haya kwafi kawai ya mallaka. A rubuta 'yar yarjejeniya da Hausa da Faransanci: me aka kwafa, wa zai riƙe, me aka yarda a nuna. A karanta masa da baki a gaban shaidu 2.

Mataki na 8: Ranar taro

Ranar 27 ga Oktoba ta fi dacewa. Ita ce ranar da UNESCO ta ware don kayan tarihi na sauti da hoto, tunawa da shawarar da ta zartar a 1980 kan adana finafinai. A wurinmu kuma damina na ban kwana, ƙurar hunturu ba ta sauko ba, ana iya zama a fili. Ku kai sanarwa ofishin sufurefe, wato jami'in gwamnati mai kula da gunduma, aƙalla kwana 3 kafin ranar kamar yadda dokar taron jama'a ta 1990 ta tanada, ku karɓi takardar shaida. Gara ma a kai da mako guda. A raba goron gayyata, a tanadi wurin zaman mata, a ajiye janareta nesa don ƙararsa.

A fara bayan sallar isha'i. Addu'a, sai jawabi ɗaya gajere. Sannan a haska minti 20 zuwa 30 da aka tsamo daga kayan da aka ceto, da guntun hirar. A farkon kowane yanki allo ya nuna da manyan baƙaƙe: wane ne ya adana wannan, daga shekara kaza zuwa kaza. A nan karramawar take. Ku ga yadda fili ke yi idan tsohuwar kasuwa ta bayyana a kan farin ƙyalle, wata daga baya ta ce "wayyo, ga Babanmu can!" Bayan an kunna fitila a kira mai adaka ya fito, lokacin jama'a sun riga sun san dalilin fitowarsa. Idan da hali, shi zai danna maɓallin farawa da hannunsa.

A ba shi takardar yabo da ta faɗi aikinsa dalla-dalla, misali ya adana kaset kaza na tsawon shekara kaza. A ba shi diskinsa, da riga ko turmin atamfa. Rawani da alkyabba na fada ne, kada kwamiti ya shiga hurumin da ba nasa ba sai in Sarki ne ya ga dama. Kuɗi kuwa a kai masa gida washegari a ambulan, ba a shelanta adadi a lasifika. Shawarata a kasafi: kashi biyu cikin uku ya tafi ga kwafa, da diski, da kabad ɗin ƙarfe da za a kai masa, da ambulan, rumfa da kujeru da lemo su raba sauran. Wanda ya riga mu gidan gaskiya, a kira matarsa ko 'yarsa ta karɓa, a yi masa addu'a da sunansa.

'Yan'uwanmu na Chadi suna da abin nuni a gabansu. Bayan mai shirya fim ɗan ƙasarsu Mahamat-Saleh Haroun ya ci lambar alƙalai a bikin finafinai na birnin Kan da ke Faransa a 2010, gwamnati ta gyara silimar Normandie ta Njamena aka sake buɗe ta a Janairun 2011, bayan ta daɗe a rufe. Masu shirya irin wannan taro a can su tuna da waɗanda suka yi aiki a gidan tun kafin a rufe shi, su nemo su su zaunar da su a sahun gaba.

Mataki na 9: Bayan an watse

Kabad ɗin a ɗora shi a kan bulo saboda gara da ruwa, a ɗakin da ya fi sanyi a gidan, nesa da bangon da rana ke duka da yamma da kuma kwanon rufi. A Garwa zafin Maris da Afrilu na haura digiri 40, kuma ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ya fi haka. Duk wata 6 wani daga kwamiti ya je ya gaishe shi, ya buɗe kabad ya shinshina, ya kunna diski ya buɗe fayil 5 ko 6 ya tabbatar suna tashi. Duk shekara 5 a sayi sabon diski a sake juye komai. Kafin ku tashi daga ziyarar farko ta bayan taro, ku tambaye shi wa ya sani da ke da irin wannan adaka. Baba ya ba mu sunan mutum 2, ɗaya a Gider, ɗaya a Marwa, ya ce mu fara da na Marwa don ya fi shi shekaru.